Gonar Babana a Bayan Mota

Wa ya gaya wa Malam cewa jan kallabi innata ke ɗaurawa idan za ta kai koko gona? Shekaru sun haura ashirin ina juya wannan tambaya a raina, ban samu amsa ba. Ni dai ban tuna na faɗa mashi ba. Shi kuwa bai taɓa ganin ta ba, don ta rasu tun ina yarinya, kafin a kawo ni birni wurin gwaggota. Wanda zai ba ni amsa yana kwance a maƙabarta, ni kuma ga ni zaune ina faɗi ana rubuta mani, don ban yi karatun da zan riƙe alƙalami ba. Na ce wa mai rubutun idan ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce.

Malam shi ne mijina. Mun zauna tare shekara talatin da wani abu a gidanmu na Ƙofar Marusa, gida na biyu daga bakin titi. Sana'arsa zanen motoci. Idan an ƙera wa babbar mota bodin katako, shi ake kai wa ya yi mata ado: zaki, mikiya, furanni, da rubutu a sama. Garejin da yake aiki yana can wajen Ƙofar Kwaya, kullum da ƙafa yake zuwa, ya dawo yana warin kananzir, farcensa kowane da irin launinsa. Haifaffen birni ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Ƙauyenmu sau ɗaya ya je, da rani, gaisuwar babana, lokacin babu komai a gonaki sai kututture. Yakan kira ni Sarkin Noma don tsokana, ni kuma in ce mashi mutumin da bai san gero ba sai an dama.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ita ce shekarar da masu fenti suka ci kasuwa a Katsina. Duk bangon da ka duba an shafe shi da launin wata jam'iyya. Amma Malam bai ci wannan kasuwa ba, don a lokacin yanar ido ta fara rufe mashi gani. Launi yana gani, haske yana gani, amma siririn layi ya gagare shi. Na gane haka ne ran da ya miƙo mani allura in zura mashi zare, mutumin da a da shi ke zura mani. Aiki ya koma hannun matasa masu yanka kwali su fesa fenti, kafin azahar sun gama bango uku.

Mutum ɗaya ne bai guje shi ba, wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda suka yi makarantar allo tare. Da kaka ta kama, Alhaji ya yi wa babbar motarsa sabon bodi, ya kai wa Malam, ya ce zaki yake so a bayanta, irin wanda ya yi mashi a tsohuwar motar.

Kwana biyu Malam yana fama da zakin nan. A na uku ya dawo tun kafin la'asar, ya zauna a kan turmin da na kife. Ina tsakar gida ina bakacen sabon gero da ɗan'uwana ya aiko mani daga ƙauye.

Na ce, "Malam, lafiya ka dawo da rana haka?"

Ya ce, "Na yi zaki, mai walda ya tambaye ni ko tunkiyar wa ce."

Na yi dariya, sai na ga shi bai yi ba. Na ajiye faifan. Ya ce ba ya ganin bakin burushi, sai ya kai hancinsa jikin katako, in kuwa ya kai, sauran jikin zakin ya ɓace mashi. Ya daɗe yana kallon geron da ke cikin ƙwarya, rana tana dukan sa. Can ya ce, "Sarkin Noma, wannan abin da kike sheƙa, yaya yake tun yana gona? Ba da rana ba. Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi."

Na ce, "Yau kuma? Shekara talatin ba ka tambaya ba."

Ya ce, "Da ina da ido, ban buƙaci naki ba."

To, na gaya mashi. Na ce a gonar babana ana kwantar da kara tun kwanaki kafin yanka, layi-layi, don zangarniya ta sha iska. Ranar ɗauri ana fita daga sallar asuba, don da raɓa kara ya fi lanƙwasuwa, ba ya karyewa a hannun mai ɗauri. Na ce akwai gawo babba ta gabas, wanda duk damina yake tsirara, sai an fara girbi yake fitar da ganye. Na ce rana takan fito ta bayan gawon nan, sai inuwar kowane dami ta miƙe ta yi yamma, doguwa, ta fi damin tsawo sau uku.

Ya ce, "Inuwar baƙa ce?"

Na ce, "Kai ɗan birni. Inuwar safe ba ta baƙi. Kamar zane mai shuɗin rinin baba take, wanda ya sha wanki."

"Karan fa?"

"Inda rana ta taɓa, kamar man shanu. Inda ba ta kai ba, kamar tokar murhu, da ɗan kore-kore."

Daga ranar, kullum kafin ya fita sai ya ɗauki tambaya ɗaya ya tafi da ita, kamar mai ɗaukar guzuri. Wata rana launin sama, wata rana yadda raɓa ke ƙyalli a kan yanar gizo. Na ce mashi hasken farko ba fari ba ne, ya fi kama da zuma idan an ɗiga ta a nono ba a juya ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ni da ban taɓa ganin an rubuta maganata ko a bayan kwali ba, ga namiji yana haddace ta yana fita da ita.

Rannan ya tambaye ni yadda ake jera damma. Na ce babana yana da al'ada, shi da dattawan ƙauyenmu. Idan aka ɗaure tara, sai a kwantar da su wuri ɗaya. Na goma ba ya kwanciya tare da su. Shi ne na zakka, babana da kansa yake ɗaukar sa ya kai shi gefe ta gabas, ya tsai da shi tsaye shi kaɗai, don kada a yi kuskure a haɗa shi da na rumbu, kuma duk mai buƙatar da ya biyo hanya ya san akwai rabonsa a gonar nan ba sai ya buɗe baki ba. Malam ya ce, "Nesa da sauran kamar yaya?" Na tashi na taka mashi a tsakar gida, taku bakwai, har na kai bakin randa.

Abin da yake yi a gareji ban gani ba, labari yake ba ni. Ya shafe zakin. Ya ajiye ƙananan burusan da ya yi shekaru yana tattali, ya ɗauki babba na fentin ɗaki da tsumma. Ya ce ba ya jan layi ko ɗaya, sai dai ya dangwala launi kusa da launi, ya juya ya yi tafiya har bakin rumfar mai shayi, ya waiwayo ya duba, ya dawo ya ƙara dangwalawa. Ya ce kanikawa sun ce ya fi direba cin hanya. Fentin ma ragowar gwangwanayen 'yan siyasa ne matasan nan suke ba shi, ja na wannan jam'iyya, kore na waccan, shuɗi na wata. Ya ce, "Na haɗa su a faranti ɗaya, ban ji sun yi faɗa ba." Makonni biyun nan na ga mijina ya dawo yadda yake a da. Yana cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Ran da ya gama, Alhaji ya zo karɓar mota. Yadda Malam ya ba ni labari, Alhaji ya tsaya dab da katakon, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Ina zakin?" Malam ya ce mashi ya ja baya ya duba. Alhaji ya ce shi ba yaro ba ne da za a ce ya je can ya tsaya, abin da ba a gani a kusa ba a ganin sa a nesa. Ya ce wannan ai kamar kaji sun taka fenti sun bi ta kan katako. A gaban mutane ya faɗa. Sannan ya ce tunda lodi ba ya jira, direba ya tafi da ita kasuwannin ƙauye haka nan, idan ta dawo a ba matasan nan su shafe, su sa alamar ɗan takarar da yake goyon baya.

Malam ya dawo gida da zazzaɓi. Kwana uku ya yi a kwance. A na huɗu, bayan ya sha koko cokali biyu da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Ina riƙe da kofin. Har yau idan na dama koko sai na ga hannunsa yana ture cokalin a hankali.

Na shiga takaba ban ga aikin ba. Abin da ya tsaya mani a rai ke nan. Mutane suna shigowa gaisuwa, ina amsawa, amma zuciyata tana kan wata mota da ke yawo a ƙauyuka da aikin mijina na ƙarshe a bayanta, ana jiran ta dawo a shafe. Idan aka shafe, abin da za a riƙa tunawa da shi a gareji shi ne makahon da ya ɓata wa Alhaji katako.

Ranar sadakar bakwai Alhaji ya zo, tare da direbansa, wani dattijo mai furfura a gemu. Na aika a ce ina son magana da shi. Ya shigo zaure, ni ina daga ciki bayan asabari. Muka gaisa, ya yi mani ta'aziyya, ya daɗe yana yi wa mamacin addu'a, don ba mugun mutum ba ne, yana son Malam. Ya ce in akwai abin da nake buƙata in faɗa.

Na ce, "Alhaji, motar ta dawo?"

Ya ce, "Jiya. Gobe za a kai ta wurin yaran nan." Sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Idon ne ya ci amanarsa. Gara a shafe, a rufa mashi asiri."

Na ce, "Mi ka gani a jikin katakon?"

Ya ce, "Babu komai. Dabbare-dabbare."

Na ce, "To ni ban gan shi ba, ko sau ɗaya. Amma zan gaya maka abin da ke ciki. Akwai gawo ta hannun dama, rana na fitowa ta bayansa. Akwai damma tara a kwance. Akwai na goma a tsaye shi kaɗai, taku bakwai daga sauran. Gobe da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ka sa a kawo motar bakin titin nan, ka tsaya inda na tsaya. In ba ka ƙirga goma ba, ka shafe, ni zan sayi fentin."

Sai na ji direban ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, dama ina son in gaya maka..."

Alhaji ya ce, "Kai kuma ka bari, da matar abokina nake magana." Ya ce da ni, "Malama, kin san abin da kike faɗa? Na tsaya a gabansa da idona biyu lafiyayyu."

Na ce, "Shi ya sa."

Ya yi 'yar dariya, ta farko da aka yi a gidan tun rasuwar. Ya ce Malam ya sha gaya mashi ba a kayar da matarsa a gardama. Ya ce za a kawo.

Gaskiya ita ce na ji tsoro. Na yi alkawari a kan abin da ban gani ba, aikin mutumin da ba ya ganin ramin allura.

Da gari ya waye na ji ƙarar mota. Na lulluɓa na fito ƙofar zaure, iyakar inda mai takaba za ta tsaya. Direba ya juyo da bayan motar ya tsai da ita a bakin lungu, kusa ƙwarai. Alhaji yana tsaye gefe da carbi a hannu, maƙwabta sun firfito, har da mai kanti da liman. Na ɗaga ido na duba. Yadda Alhaji ya faɗa haka yake. Rawaya a kan fari, shuɗi a kan toka, ɗigo-ɗigo, wani wurin har fentin ya yi tudu. Babu gawo, babu dami. Na kama bango. Alhaji ya kau da kai don kada ya ga fuskata.

Sai na tuna rumfar mai shayi, da tafiyar da Malam yake yi kafin ya waiwaya. Na ce wa direba, "Malam direba, ja ta a hankali. Kada ka tsaya sai na ce."

Ya ce, "To, Inna."

Motar ta fara tafiya ta yi yamma, rana tana bayanmu tana dukan katakon. Ta wuce kanti. Ta wuce turken lantarki na farko. A na biyu, launukan nan suka fara neman juna. Kafin ta kai ƙofar masallaci, sai ga gonar babana.

Ban san yadda zan sa a rubuta wannan ba. Ba kama ba ce. Ita ce. Ga gawo da sabon ganye, hasken nan mai kama da zuma yana tsiyayowa ta cikin rassansa. Ga kara a kwance layi-layi, raɓa ba ta bushe ba. Ga inuwa shuɗiya ta miƙe doguwa. Har ƙaiƙayi na ji a wuyana. Na ɗaga hannu, direba ya hango ni ta madubi ya taka birki.

Sai na ji Alhaji yana ƙirga da carbinsa, a hankali, kamar yaro a gaban malami. "Ɗaya, biyu, uku..." Ya kai tara ya tsaya. Liman ne ya nuna da sanda ya ce, "Ga na goma can, Alhaji, a tsaye. Na zakka ne."

Alhaji ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Kakana haka yake yi. Na manta." Sai ya sa gefen babbar riga ya share ido.

Ni a lokacin ba dami nake kallo ba. Can ƙarshen gonar, inda hanya ta ɓullo daga gari, akwai ɗigon ja guda ɗaya, a sama da shi ɗan fari kamar ƙwarya. Innata ce tafe da koko. Daidai inda nake hango ta tun ina ƙarama, idan yunwa ta fara cin mu muna ɗaga kai. Ban faɗa wa Malam ba, ko kuwa na faɗa wata rana cikin shekarun nan na manta, shi bai manta ba. Na zauna a dokin ƙofa na yi kuka mai sauti a gaban maza, ban ji kunya ba.

Direba ya sauko ya zo. Ya ce, "Alhaji, abin da na so in gaya maka jiya ke nan. Duk kasuwar da na shiga, manoma sai sun biyo motar nan suna ƙirga. Wani tsoho ya ce mai wannan mota ya san haƙƙin Allah, shi zai sayar wa. Ban taɓa cika ta da wuri kamar wannan karon ba."

Mai kanti ya ce, "To Alhaji, ɗan takara fa?"

Alhaji ya ce, "A buga shi a ƙyalle a ɗaura a gefe. In ya ci a bar shi, in ya faɗi a kwance." Aka yi dariya. Ya juyo wajena ya rage murya ya ce, "Malama, na faɗa wa abokina magana a gaban mutane. A gabansu zan janye ta." Kuma ya cika. Ranar ya je gareji da motar, ya sa aka tsai da ita, ya tara kanikawa da masu walda a bakin rumfar mai shayi, ya ce kowa ya duba daga nan.

Ƙyallen bai kai damina ba ya yage. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati, mutane sun taru a kan rediyon mai kanti, na fita takaba ke nan da 'yan makonni, motar ta wuce ta titinmu da lodi, direba ya danna mani odar mota sau biyu. Haka ya riƙa yi duk lokacin da ya biyo, har ya bar tuƙi. A tasha da kasuwar hatsi ba a kiran ta da lamba, sai dai a ce Mai Zakka. Masu motoci uku suka zo har ƙofar gidan nan suna neman wanda ya yi zanen, ɗaya daga Daura. Na ce masu ya riga mu gidan gaskiya. Ɗaya ya tambaya ko a wace gona ya zauna ya yi shi. Na ce a tsakar gidan nan, a kan turmi.

Da bodin ya tsufa za a sauya, Alhaji ya riga ya rasu, amma ya bar wasiyya. Babban ɗansa ya sa aka ciro katakan bayan ɗaya bayan ɗaya, aka kawo mani, aka jera su a jikin bangon tsakar gida. Ɗiyata ta ce gidan ya yi ƙunci, babu inda mutum zai ja baya ya gani. Gaskiyarta, baƙi sukan tsaya su yi ta kallo, su ce mi ye wannan. Amma yanar da ta kama Malam ta kama ni yanzu. Daga bakin ƙofar ɗakina, idan rana ta leƙo ta kan katanga, ina ganin gonar sarai, ba sai na je ko'ina ba.

Kullum da safe nakan ƙirga su, in kai tara, in nemi na goma. Yana nan ta gabas, taku bakwai. Nakan faɗa da ƙarfi, ko da ba kowa a gidan: yana nan, Malam, daidai ka sa shi. Don aikin da ya bar mani ke nan. Da ya ture cokalin nan, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce:

"Sarkin Noma, idan motar ta dawo, ki duba mani. Ki ga ko na tsai da damin nan inda babanki ke tsai da shi."